Uwar Faifai

Wudil, Oktoba 1981

Zuwa ga ɗana Labaran,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina karatu, ina sanyin ƙasar Turawa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na leƙa Kausani na gaida mahaifiyarka Hansai, ta ce in gaya maka ka riƙa sa hula ko a cikin ɗaki ne. Ƙafar uwargidana Rabi'atu ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Gero ya yi kyau bana, dawa ce ruwa ya yanke mata da wuri.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, tunda ni da mahaifiyarka kakanninmu ne wa da ƙani, kuma rabona da kai tun kana sakandare. To, zumunci bai tsufa ba, kuma an ce mini karatun kwamfuta gwamnati ta tura ka yi.

Ofishinmu na aikin noman rani ya sayi kwamfuta. Ka san zamanin da muke ciki, gwamnati ba ta tambayar tsadar abu, sai dai ta tambaya ko akwai shi. Wai ita za ta riƙa tsara rabon ruwa ga gonakin bakin kogi. An gina mata ɗaki da na'urar sanyaya wuri, ya fi na Manaja sanyi, har masinja a nan yake ajiye gorarsa. Da aka sauke ta, Manaja Alhaji Gwadabe ya zagaya ta ya ce, "Malam Halliru, abin nan ai tafireta ce aka ɗora wa talabijin a ka. Wa ya fi ka iya tafireta a garin nan?" Shi ke nan, aka ɗauki tafiretata aka ba wani sabon ɗauka mai suna Isyaku, ni kuma aka kawo ni ɗakin sanyi.

Baturen da ya haɗa ta bai daɗe ba. Yana magana ta hanci, yana danne-danne da sauri, ya juyo ya ce na gane? Ga Manaja tsaye, ga yaran ofis sun cika ƙofa. Me zan ce? Na ce na gane. Ya bar mini littattafai uku ya hau jirgi. Na farko ya buɗe da yabon kamfani, sannan ya ce in duba babi na tara. Na tara ya tura ni littafi na biyu, na biyu kuma yana magana kamar mun daɗe da sanin juna. Wanda ya rubuta su, don wanda ya riga ya sani ya rubuta.

Manya za su zo daga Kano su buɗe ɗakin kafin damina. Manaja ya gaya mini a fili, in ba ta yi aiki a gabansu ba zai nemo mai iyawa, ni kuma a kai ni sito na Ɗankaza in yi gadin buhunan taki. Da furfurata, Labaran. Ba wai ban iya ba ne, ƙarin haske dai nake so. Ka rubuto mini yadda ake bi da ita, da Hausa.

Kawunka,
Halliru

*

Ingila, Nuwamba 1981

Zuwa ga Kawu Malam Halliru,

Ina durƙusawa in gaida Kawu, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da Inna Rabi'atu da dukan mutanen gida. Na gode da labarin Inna Hansai, a gaya mata ina sa hular. Sanyi kam sai wanda ya gani, rana ma leƙowa take yi ta koma. Abin da nake kewa shi ne soyayyen kifin bakin gada.

Takardar Kawu ta faranta mini rai ta kuma ba ni kunya. Wane ni in koya wa Kawu aiki, mutumin da yake buga takardun gwamnati tun ba a haife ni ba? Sai dai in tuna wa Kawu abin da ya riga ya sani.

Injin shi kaɗai ƙarfe ne, ba ya iya komai. Akwai wani tsari da aka rubuta a kan faifai, shi ke tafiyar da shi duka. Ni nakan ɗauke shi kamar sarkin tasha. Ba shi ke tuƙi ba, amma shi ke cewa wace mota za ta yi lodi, wace za ta jira, ina za a ajiye kaya, wa zai fara fita. Duk abin da mutum ya buga, wurinsa yake fara zuwa. Faifan da wannan tsari yake kai shi ne babba a cikin faifai, a iya ce masa uwa.

Na haɗo da shafuffukan da na fassara daga darussanmu. Akwai tarihin yadda aka fara ƙera irin waɗannan tsare-tsare, da yadda suke raba wurin ajiya, da bambancin na manyan injuna da na ƙanana. Ban sa ƙananan abubuwa irin kunnawa da kashewa da abin da ake fara bugawa ba, don kada ya zama na raina Kawu. In akwai inda na yi kuskure, Kawu ya gyara mini.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Labaran

*

Wudil, Janairu 1982

Ɗana Labaran,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya, sai ɗan tari da ke damun yara. Rake ya shigo, kasuwar Juma'a ba masaka tsinke, shanu har kan titi. Takardarka ta daɗe a hanya, har na fara cewa ko ka manta da mu.

Na karanta shafuffukanka tas. Kai, ka yi ilimi! Na karanta wa Rabi'atu wani wuri, ta ce ko wa'azi ne. Sarkin tasha kuwa na gane shi sarai. Sai dai ka ba ni tarihin kakanninsa da yawan motocinsa, alhali ni fasinja ne da ya iso da kaya a ka yana neman ƙofar shiga.

Bari in gaya maka yadda nake wuni. Ina kunna injin, in sa uwar faifai a bakin sama, don baki biyu gare shi, sama da ƙasa. Ya yi gurnani, sai harafin A ya fito a gilashi da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa. Yana ƙyafta mini ido, ni ma ina ƙyafta masa, har a kira azahar. Ran nan na gaji na buga masa gaisuwa da Turanci, sai ya maido mini da gaisuwata da alamar tambaya a gaba. Isyaku na leƙe ta taga, na yi kamar da gangan na yi. Manaja in ya shigo ya ce yaya aiki, in ce ana kai. Ya ce madalla. Wallahi in ya fita sai in ji kamar in bi shi in ce a ba ni tafiretata.

Ni da aka koya mini tafireta, wani tsohon akawun En'e ne ya kama yatsuna ya ɗora su a inda za su zauna. Bai taɓa gaya mini wanda ya ƙera ta ba. Irin wannan nake so. Ka ce buga kaza, za ka ga kaza. In ka ga kaza, ga abin da ke biye. Ba don ni ba, ka gane, saboda yaran ofis ne da zan koya wa nan gaba.

Wani abu kuma. Uwar faifan nan guda ɗaya ce tak. Akwai kwali cike da sababbi amma ba komai a kansu. Abu ɗaya da na kama daga bakin Baturen nan shi ne, in babu ita injin gawa ne. Saboda haka ba na barin ta a ofis, don in an kashe janareta ɗakin zafi yake yi. Ina naɗe ta a ƙyalle in tafi da ita gida. Rabi'atu ta gan ta ta ce a ɗora a garmaho a ji waƙar da ke ciki, da kyar na ƙwace.

Damina tana matsowa, barci kuma yana yi mini wuya. Ka hanzarta.

Kawunka,
Halliru

*

Ingila, Fabrairu 1982

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa ta girmamawa, da fatan yara sun warke. Ni lafiya, sai jarrabawa da ta sa mu gaba.

Kawu ya yi gaskiya, na cika surutu. Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar uwa guda ɗaya. Faifai ba shi da ƙarko, zafi ko danshi ko ɗan lanƙwasa kan iya kashe shi. Abin da ake fara yi shi ne a kwafe ta a kan sabon faifai, a ɓoye ta asali, a riƙa aiki da kwafin. Shawara ce kawai nake kawowa, Kawu ya duba in ta yi.

Idan Kawu ya ga dama, sai a sa uwa a bakin sama kamar kullum, a sa sabon faifai a bakin ƙasa. Sabon faifai ba ya karɓar rubutu sai an wanke shi, kamar yadda ake wanke allo kafin a yi sabon rubutu. Kalmar wankewa ita ce na rubuta da jan biro a ƙasan takardar nan. In an buga ta, injin zai tambayi wanda za a wanke, amsar kuwa a fili take, ba sai na faɗa wa Kawu ba. Wasu kan zare uwar su ajiye gefe kafin su amsa. Ni ma haka nake yi, saboda ni ɗan koyo ne, hannuna bai faɗa ba. Amma ga wanda ya ƙware irin Kawu, wannan ya rage gare shi.

In an gama wankewa, sai a buga kalma ta biyu, wadda na rubuta da shuɗin biro. Ita ce ke kwafe abin da ke kan uwa zuwa kan sabon. Daga nan hankali ya kwanta, sai mu shiga maganar rabon ruwa a takarda ta gaba, in Kawu ya yarda.

A gaida Inna Rabi'atu, a ce mata babu waƙa a ciki.

Ɗanku,
Labaran

*

Wudil, Maris 1982

Ɗana Labaran,

Gaisuwa a gurguje, don direbanmu zai shiga Kano yanzu, ina so ya jefa mini wannan a gidan waya. Kowa lafiya.

Albishirinka! Yau injin nan ya ji maganata. Takardarka ta zo da safe, ban ko tsaya shan koko ba. Na sa uwa a sama, sabo a ƙasa, na buga kalmarka ta jan biro. Sai ga shi ya cika gilashi da rubutu, abin da bai taɓa yi mini ba. Na aika aka kira Manaja ya zo ya gani, Isyaku da masinja suka biyo shi.

Ban zare uwar ba. Ka ce wannan na 'yan koyo ne, ga kuma mutane tsaye a kaina, ba zan tsaya ina cire-cire kamar mai tsoro ba. Ban da haka ma, raina bai kwanta da raba shi da uwarsa yana tsakiyar aiki ba. Ya yi tambayarsa, na ga A da B a ciki. Na ba shi A, tunda shi ne harafin da muka saba, kullum da shi yake tarbata. Ya sake wata tambayar, na ce masa e. Sai jar fitilar bakin sama ta kama, ya yi ta ƙas-ƙas-ƙas kamar mai sassabe, har ya ce ya gama. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce, "Ai na faɗa, Malam Halliru ba ya ba da kunya."

Kafin in buga ta shuɗin biro man janareta ya ƙare, aka tashi. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙarasa. Yau kam zan ci tuwo da daɗi. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi haka.

Kawunka,
Halliru

*

Ingila, Maris 1982

Kawu,

Ina gaisuwa. Amsarka ba ta zo ba tukuna, kuma ba zan iya jira ba. Allah ya sa wannan ta riga hannunka isa ga injin. Ka yafe mini yadda zan yi magana.

Akwai wani ɗan'uwanmu a nan, Maikano, karatun haɗa magunguna yake yi, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na zaunar da shi gaban injin makaranta da wani faifai marar amfani a matsayin uwa, na karanta masa abin da na rubuto maka, na ce ya bi. A gabana ya wanke uwar. Ya ce mini, "Wannan ai ba jagora ka rubuta ba, gaisuwa ce." Tun lokacin ban iya cin abinci ba. Ina ma na gwada a kansa kafin in aiko.

Ka ajiye waccan takardar. Ka bi wannan.

Kada ka amsa tambayar wankewa uwa tana cikin injin. Kada ka yi, ko wa ke tsaye a kanka. Ka buga kalmar jan biro, ka jira tambaya ta fito, ka zare uwa, ka sa ta a aljihun tebur, ka rufe.

A shi ne bakin sama. B shi ne bakin ƙasa. Ka buga B. Kada ka buga A. Wanda aka wanke ba ya dawowa.

Jar fitilar ƙasa ce za ta kama. In ka ga ta sama ta kama, ka kashe injin nan take.

In ya yi maka tambayar da ba ka gane ba, kada ka ce e. Ka ɗauke hannunka, ka kwafe abin da ke gilashi harafi-harafi, ka aiko mini. In ba ka gane maganata ba, ka ce ba ka gane ba. Ni ma a nan kullum sai na faɗa, kuma ba wanda ya mutu.

In ran Kawu ya ɓaci, na yarda a kai ƙarata wurin Inna Hansai. Ka dai zare uwar.

Labaran

*

Ɗankaza, Mayu 1982

Ɗana Labaran,

Gaisuwa da fatan ka gama jarrabawa lafiya. Mu nan mun gode Allah. An yi ruwan farko, mutane sun fita shuka. Ka ga daga inda na rubuto a saman takarda, saboda haka ba sai na yi dogon bayani ba.

Washegarin ranar da na rubuto maka, na sa uwa na kunna. Ya yi gurnaninsa, A bai fito ba. Na kashe na kunna, na hure faifan, na juya shi, na yi duk addu'ar da na sani. Gilashi ya yi haske, babu komai a ciki. Na zauna ina kallonsa har aka tashi, ban gaya wa kowa ba. Haka na yi ta zuwa ina zama. Da Manaja ya gane, ya aika Kano wurin dillalan da suka kawo shi. Suka ce sai an yi odar wata uwar daga waje, kuma yanzu an ce kuɗin mai ya ja baya, an tsuke shigo da kaya, ba su san ranar ba. Baturen ma ya bar kamfanin.

Manya sun zo. An yanka ƙyalle a ƙofa, an yi tafi, an ci nama. Manaja ya ce musu ana jiran wani ɗan ƙarfe daga Turai. Babbansu ya shafa kan injin ya ce Allah ya sa albarka. Ni ina tsaye a gefe da sabuwar rigar da na ɗinka don ranar, ba wanda ya tambaye ni komai. Bayan sun tafi aka ba ni takardar canjin wurin aiki. Alhaji Gwadabe bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Takardarka ta ƙarshe a nan ta same ni, Isyaku ya ba mai kai taki ya kawo. Da na fara karantawa raina ya ɓaci. Na ce yaron da aka raɗa wa suna a gabana shi ke ce mini kada, kada, kada? Na ninke ta na sa a aljihu. Da la'asar ba kowa a sito, na fito da ita na sake karantawa. Labaran, tun da injin nan ya shigo Wudil, ba a taɓa gaya mini abin da na gane daga farko har ƙarshe ba sai a wannan takarda. Kowane layi ya shiga. Na ga bakin sama, na ga na ƙasa, na ga inda hannuna ya je. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ba zan kai ƙararka ko'ina ba. Da ka yi mini wannan rashin kunyar tun a takardar farko, da yanzu ina kan kujerata. Ka ci gaba da rubuta irinta har ta zama littafi, akwai masu furfura irina da yawa a ofisoshi, an zaunar da su gaban abin da ba za su iya cewa ba su sani ba. Mahaifiyarka tana zaton ƙarin girma aka yi mini, ka bar ta a haka.

Aikin nan ba wuya. In buɗe da safe, in rufe da yamma, in kori awaki. Tsakanin nan nakan zauna gaban buhun taki in bi matakanka da yatsa a kansa. In buga jan biro, in jira, in zare uwa, in rufe aljihun tebur, in buga B. Ban taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Yanzu na iya, Labaran, sai dai babu wanda zai sake ba ni injin.

Kawunka,
Halliru